Wa ke zama kusa da mai naƙuda? Sharhi kan aikin dula a ƙasar da ba a rasa dangi

Mace mai ciki a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, ba ta rasa mutane. In cikin fari ne, tun yana wata bakwai ake mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki. Bayan ta sauka kuma ga mai dafa ruwan wanka, ga mai dama kunu, ga 'yan barka suna shiga suna fita har ranar suna, ga wata tsohuwa da za ta tare a ɗakin har a yi arba'in. Takwararta ta Faransa ko Amurka, wadda ake sallama daga asibiti bayan 'yan kwanaki ta koma gida daga ita sai mijinta, ba ta san irin wannan gata ba. Sai dai akwai wasu sa'o'i, goma ko sha biyu, wani lokaci kwana guda cur, da duk wannan gatan ke ɗaukewa: daga lokacin da naƙuda ta kankama zuwa faɗowar ɗa. A gida kunya ce ke janye mutane daga jikinta. A asibiti kuwa ƙofar ɗakin haihuwa ce.

Waɗannan sa'o'i su ne tushen aikin matar da ake kira dula a Turai da Amurka. Ba likita ba ce, ba ungozoma ba ce. Ba ta allura, ba ta sa hannu ta duba buɗewar mahaifa, ba ta karɓar haihuwa, ba ta yanke cibi. Aikinta ta zauna, kada ta tashi. Ta riƙe hannu, ta danna ƙugu lokacin da ciwo ya taso, ta ba da ruwa, ta taimaka wa mace ta miƙe ta zaga ko ta durƙusa, ta faɗa mata abin da ke faruwa da harshen da take ji, ta kuma kira ma'aikaciya idan ta ga abin da bai kwanta mata ba. Tana fara sanin matar tun da ciki, tana kuma leƙa ta bayan haihuwa.

Mai karatu zai iya cewa to ai wannan ba aiki ba ne, zaman kara ne kawai. Likitocin da suka fara auna abin su ma ba shi suka fita nema ba. John Kennell da Marshall Klaus, likitocin yara ne 'yan Amurka, suna bincike kan shaƙuwar uwa da jariri a wani babban asibitin gwamnati a Gwatamala, inda mata ke naƙuda cikin cunkoso ba a barin kowa nasu ya shiga. Sai aka ware wasu masu cikin fari aka zaunar da mace kusa da kowaccensu, macen da ba ta da ilimin asibiti kuma ba su taɓa saninta ba. Sakamakon da aka wallafa a 1980 ya nuna waɗanda aka bari su kaɗai sun kwashe kimanin sa'o'i 19 daga shiga asibiti zuwa haihuwa, waɗanda aka zauna da su kuwa ba su kai sa'o'i 9 ba. Matan da aka yi gwajin da su ba su da yawa, kuma ba a sake ganin tazara mai girma haka ba, amma ƙofa ta buɗe. A 1992 su biyun da wasu abokan aikinsu suka kafa ƙungiyar DONA, wadda ta mayar da abin sana'a mai horo da takardar shaida.

Hujjar da ta fi nauyi ta zo a 2017, lokacin da cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 26 daga ƙasashe 17, mata kusan 16,000. Matan da aka zauna da su tun farkon naƙuda har ƙarshe sun fi haihuwa da kansu, naƙudarsu ta ragu da kimanin minti 40, buƙatar yi musu aiki ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sun rage neman maganin kashe zafi, jariransu ma sun fi fitowa da kuzari. Ba a ga wata illa ba. Shekara guda bayan haka, a 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin ƙa'idojinta: kowace mace a bar ta da wanda ta zaɓa ya kasance tare da ita lokacin naƙuda da haihuwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san jiki. Naƙuda tana tafiya ne da wani sinadari, oksitosin, wanda ke sa mahaifa ta riƙa matsewa. Shi ne kuma ake sakawa cikin ƙarin ruwan da mata ke kira ruwan naƙuda. Tsoro yana sa jiki ya saki wasu sinadarai na gudun ceton rai, su kuma suna iya sanyaya matsewar mahaifa su rage jinin da ke isa ga ɗan. Macen da aka bari ita kaɗai a kan gadon ƙarfe, tana jin ihun ta kusa da ita, ba ta san ko abin da take ji daidai ne ko mutuwa ce ta zo ba, jikinta yana aiki ne yana ja da baya. Duk wanda ya yi karatun allo ya san labarin Nana Maryam, yadda ciwon naƙuda ya kai ta gindin dabino har ta yi fatan da ta mutu kafin wannan rana, aka kira ta aka ce kada ta yi baƙin ciki, ta ci, ta sha, ta kwantar da hankalinta. Kwantar da hankali da abin sawa a baki: dula ba ta zo da abin da ya wuce wannan ba.

To me ya sa mu, da muke da gwaggo da inna da iya a kowane gida, muke barin gurbin nan a buɗe?

A gida, tarbiyyar da aka yi wa 'ya mace ita ce jarumta ta yi shiru. Wadda ta yi raki a haihuwar fari za a daɗe ana yi mata gori, kishiyoyi da abokan wasa ba sa mantuwa. Hausawa da Fulani sun haɗu a nan, ko da yake kowa da sunan da yake kiran abin. Sai yarinya ta ɓoye naƙuda tun asuba, tana shara tana cije leɓe, ba wanda ya sani sai faya ta fashe. Uwar da ta haife ta ma, in 'yar fari ce, kunya na iya hana ta shiga ɗakin. Ungozomar gargajiya kuwa a yawancin gidaje ba a kiranta sai ɗa ya faɗo, ta zo ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri. Wato ita ma aikinta yana farawa ne bayan an gama abin da ya fi hatsari. Ba na raina kunya, da ita aka gina gidajenmu. Amma a wannan wuri ɗaya tana cin rai, domin naƙudar da ta wuce yini da kwana ba a sani ba ita ce ke haifar da yoyon fitsari da ɗa ba rai.

A asibiti labarin ya sha bamban, sakamakon ɗaya. Duk wanda ya taɓa jinya a arewacin Kamaru ko Njamena ya san asibiti ba ya tafiya sai da mai jinya daga gida, wadda ma'aikata ke kira gardi-malad. Ita ke ɗebo ruwa, ita ke wanke zannuwa, ita ake miƙa wa takardar magani ta ruga ta sayo safar hannu ko allura, ita ke neman wanda zai ba da jini. Matar tana nan, ta shimfiɗa tabarma a baranda. Abin da ba a ba ta ba shi ne izinin shiga. A ciki kuma ma'aikaciya ɗaya ce ko biyu a daren, da mata da yawa a kan gwiwa, ba yadda za a yi ta zauna da ɗaya. Sau da yawa an turo ta ne daga kudu, Faransanci take yi, Fulatancinta na gaisuwa ne. Mai naƙudar kuwa Hausa take ji ko Kanuri ko Mafa ko Larabcin Shuwa. Ana ce mata ta yi nishi ba ta gane ba, ana ce mata ta dakata tana yunƙuri. Daga nan tsawa ke farawa. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Gana, Gini, Najeriya da Miyanma, wanda ya fito a 2019, ya gano fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan da suka haihu a asibitocin da aka duba sun gamu da zagi, mari ko wani wulaƙanci, kuma yara mata da waɗanda ba su yi boko ba su suka fi shan sa. Macen da aka mara a haihuwar fari ba ta buƙatar wanda zai hana ta komawa asibiti a ta biyu, kuma za ta ba ƙawayenta labari a gidan suna.

Alƙaluma suna da nauyi a nan. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Kamaru a 2018 ya ce mata 406 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000. A ƙasar baki ɗaya kusan haihuwa bakwai cikin goma ƙwararru ne ke karɓa, amma a jihar Arewa da Arewa Mai Nisa abin bai wuce kimanin huɗu cikin goma ba. A Chadi binciken 2014 zuwa 2015 ya ba da 860, kuma haihuwar da ƙwararru suka karɓa ba ta kai ɗaya cikin huɗu ba. Gwamnatin Kamaru, da tallafin Faransa da Jamus, ta kawo shek sante, wato takardar kula da mai ciki, a jihohin arewa uku: mace ta biya sefa 6,000, jaka shida, ta samu awo, hoton ciki, haihuwa, aiki idan ya kama, da kulawa har kwana 42 bayan sauka. Wannan ya cire wa magidanta da yawa fargabar kuɗin tiyata. Amma takarda ba ta magana. Ba ta shawo kan surukar da ta ce ita 'ya'ya tara ta haifa a ɗaka, ba ta san lambar mai kilando, wato ɗan acaɓa, da zai fito ƙarfe biyun dare ba.

Masana sun daɗe, tun 1994, suna bayanin mutuwar mata wajen haihuwa da jinkiri iri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyun sai gwamnati, domin hanya ce da mota da gada. Wanda ya ga yadda ruwan kogin Logon ke raba ƙauyukan Yagwa da gari da damina, ko yadda rikicin Boko Haram ya rufe ƙananan asibitoci a Mayo Sava da Mayo Tsanaga, ya san ba riƙe hannu ne zai gyara wannan ba. Na farko da na uku kuwa, a nan mai tsaya wa mace take da tasiri. Tun da ciki take zama da matar da mijin a tsara: ina za a haihu, wa zai kai, in maigida ya tafi kasuwar ƙauye ko ya ƙetare gadar Ngeli zuwa Njamena wa ke da ikon cewa a tafi, wa zai ba da jini. Wannan magana ta izini ba ƙarama ba ce. Mata sun zauna suna zubar da jini suna jiran miji ya dawo. Ita ke tuna mata ranar awo, wanda yanzu ake so ya kai sau takwas, da ƙwayar ƙarin jini, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu ciki daga wata na huɗu. Ita ta san cewa ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannu ba laulayi ba ne, jijjiga ce ke sallama, kuma hayaƙi da rubutu ba sa sauke hawan jini.

Inda nake ja da masu ɗokin abin shi ne wajen iyaka. A Amurka dula tana aiki ne cikin asibitin da ke da jini a ajiye da ɗakin tiyata a buɗe. Ita ƙari ce a kan abin da ya riga ya cika. A wurinmu hatsarin shi ne a ɗauke ta a matsayin madadi. Matar da aka koya wa abubuwa na mako biyu aka ba ta riga da jaka, gobe unguwa za ta fara kiranta likita, jibi ta fara karɓar haihuwa a ɗakinta, gata ta sayo allurar naƙuda a kasuwa. Wannan allura idan aka yi ta ba bisa ƙa'ida ba tana fasa mahaifa. Haka danna ciki da ƙarfi don ɗa ya fito, haka yankan gishiri. An taɓa bin wannan hanya: a shekarun 1970 da 1980 an horar da ungozomomin gargajiya da yawa a Afirka, mutuwar mata ba ta ragu yadda aka sa rai ba, aka juya ga ƙwararru. Malawi har haramta aikinsu ta yi a 2007, sai haihuwar gida ta koma ɓoye, aka janye haramcin a 2010. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne tsohuwar da unguwa ta yarda da ita ba a korar ta, ba a kuma bar mata wuƙa. A canza mata aiki: ta zama mai rakiya, ta kawo mace da wuri, ta shiga tare da ita, ta zauna a wajen kai, ma'aikaciya ta tsaya a wajen ƙafa.

Wa ya fi dacewa da wannan zama? Tattarawar Cochrane ta nuna amfanin ya fi fitowa idan mai zaman ba ma'aikaciyar asibitin ba ce, ba kuma 'yar gida ba ce, mace ce da wannan kaɗai ya kawo ta. Ana iya gane dalili. Uwa tana jin ciwon 'yarta har ta ruɗe, ko ta koma yi mata faɗa kada ta ba da kunya. Gaban suruka kuwa yarinya ba za ta iya ko nishi da ƙarfi ba. Miji, wanda a Turai shi ake fara kawowa, a nan yawancin mata da kansu ba sa so, kuma ɗakin da mata huɗu ke kwance ba sutura ba wurin namiji ba ne. Amfaninsa yana waje, da kuɗi a hannu da jini a jiki. Duk da haka binciken bai ce 'yar gida ba ta da amfani ba, kuma ƙa'idar ta ce wadda mace ta zaɓa. Sau da yawa za ka tarar ba wadda al'ada za ta tura ba ce: ƙanwar uwa ce, ko yaya, ko maƙwabciya, ko malamar Islamiyya. A tambaye ta tun a wajen awo, ita kaɗai, ba a gaban surukarta ba.

Ma'aikatan asibiti suna da nasu uzurin, kuma ba duka ne son rai ba. Ɗaki ƙarami ne, gadaje a jere ba labule, wata ba ta son baƙuwa ta ga tsiraicinta. Suna tsoron a shigo da jiƙo a ɗura wa mace a ɓoye, abin da kuwa yana faruwa. Akwai kuma wanda ba a faɗa: mai zaman shaida ce, idonta na kan kowa. Labule da kujera ba su kai kuɗin injin hoton ciki ba, jiƙo kuma an fi kama shi idan mai rakiyar an yi mata bayani tun da ciki maimakon a bar ta tana leƙe ta taga. Brazil doka ta yi a 2005 da ta ba kowace mace haƙƙin shiga da mai rakiya a asibitocin gwamnati, duk da haka an daɗe ana fama kafin asibitoci su bi.

Bayan haihuwa, inda muke ganin mun fi kowa, nan ma akwai gyara, domin gatanmu yana karkata ne ga kwanakin da hatsari ya riga ya ragu. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin sa'o'i biyu, kuma lokacin ne hankalin kowa ya koma kan jariri, ana kiran waya ana faɗin mace ce ko namiji. Wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Kano na cikin jagororinsa, ya nuna a 2023 cewa auna jinin da leda mai ma'auni da gaggauta magani sun rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin 100. Gano abin da wuri shi ne rabin maganin. Mai zama kusa da uwa, wadda ta san cewa zane ya jiƙe sharkaf cikin ɗan lokaci ba wankin ciki ba ne, tana iya zama idon da ma'aikaciya ɗaya ba ta da shi. Ita ce kuma za ta hana a tattara kaya a tafi gida bayan sa'a uku, alhali ana so a yi sa'o'i 24 a asibiti, a sake dubawa a kwana na uku, da mako na biyu, da mako na shida.

Wankan jego ya sha suka, wani da gaskiya wani da ƙari. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da ruwan zafi, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙasa, da kunun kanwa. Binciken da ya biyo baya a Najeriya, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye na Kano, ya nuna ciwon ya fi bin rama, talauci da hawan jinin ciki fiye da wankan kansa. Wannan bai wanke kanwa ba ga mai hawan jini, bai kuma halatta ruwan da ke sale fata ko a watsa shi kan ɗinkin aiki ba. Abin da ake so mai kula da jego ta sani shi ne mai jegon da ke haki in ta kwanta, ƙafafunta suka kumbura, tana tari da dare, ba sanyi ne ya shige ta ba balle a ƙara wuta; asibiti za a kai ta. Ta sani dakashi, wanda wasu gidaje ke matsewa su zubar, shi ne rigakafin farko na jariri, a sa shi a nono cikin sa'ar farko. Ta sani cibi ba ya son toka ko man goge baki.

Akwai kuma abin da cikar ɗaki ke rufewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa na shiga matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. A wurinmu mai jegon da ta daina barci, take kuka ba dalili, ba ta son ɗaukar ɗanta, ana cewa iska ce ta shafe ta ko kuma sangarta ce. 'Yan barka hamsin za su shigo su ce ina gajiya, ta ce da sauƙi. Mace ɗaya da ta san ta tun da ciki, wadda ba ta jin kunyarta, ita za ta lura cewa wannan ba ita ba ce.

Saura batun kuɗi, wanda shi zai yanke ko abin zai zauna. A Amurka iyali kan biya dula ɗaruruwan daloli, wani lokaci fiye da dubu, har wasu jihohi irin su Oregon da Minnesota suka sa inshorar marasa ƙarfi ta fara biya. A Yawunde ko Duwala masu hali za su iya ɗaukar irin wannan. A Gidar ko Kuseri, inda ake haɗa jaka shida da ƙyar, ba zai yiwu ba. Ungozomar gargajiya dama ana sallamarta ne da sabulu, hatsi, turmin zane da kason naman suna, kuma tana samun wannan ne idan an haihu a gida. Ranar da aka ce ta riƙa kai mata asibiti, an taɓa abincinta. Matuƙar rakiyar ba ta kawo mata abin da zaman gida ke kawowa ba, ko daga iyali ko daga asusun asibitin, za ta ci gaba da cewa a ɗan ƙara jira, haihuwa ta kusa.